Fulawar Inna

Bahaushen cikin birni ba ya shuka abu a gidansa sai ya san amfaninsa. Duk wanda ya saba shiga gidajen cikin ganuwar Kano ya san abin da ake tararwa a tsakar gida bai wuce zogale domin kwaɗo ba, da lalle domin ƙunshi, da gwanda ko lemon tsami domin sha da magani, sai kuwa darbejiya domin inuwa. Hatta abubuwa masu yaɗo da ake bari su hau katanga ko danga, kowanne da aikinsa: duma ya ba da ƙwarya da ludayi, kabewa ta shiga miyar taushe, soso ya yi wanka da wanke-wanke. Saboda haka idan aka nuna wa dattijo wata baƙuwar shuka, tambayarsa ta farko ita ce, "Me ake yi da ita?" In aka ce masa ba a yin kome da ita sai kallo, sai ya yi shiru, shirun da ya fi magana nauyi.

Harshen kansa ya nuna haka. Kalmar fure tsohuwa ce a Hausa, amma fure a wurin manomi alkawarin 'ya'ya ne. Da shukar ado ta shigo tare da Turawa, ta zauna a gidajensu na Nasarawa da harabar makarantu da asibitoci, sai aka aro mata suna daga bakin masu ita, aka ce fulawa, sunan da a rubuce ya zo daidai da na garin da ake yin burodi. Daga nan kuma kowace shukar ado ta zama fulawa, ko tana fure ko ba ta yi. Wadda za a yi bayani a kanta a nan tana cikin waɗanda ba sa yi. Wata mai yaɗo ce, mai ganye kamar zuciya, kore shar da ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa. Masu sayar da shuke-shuke a bakin titi suna kiranta da wani sunan Turanci mai ma'anar shukar kuɗi, masana kuma suna ce mata Epipremnum aureum. A wani gida a Zaitawa kuwa ba a san ta da kowane suna ba sai fulawar Inna.

Zaitawa tsohuwar unguwa ce a cikin birni. Ana danganta sunanta da Abdurrahman Zaite, shugaban Wangarawan da tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Unguwa ce ta lunguna masu ƙunci da gidaje masu manne da juna, inda zaure ke bin zaure kafin a isa tsakar gida, tsakar gidan kuma ba ta da faɗin da za a yi wa shukar banza wuri. A irin wannan gida Inna take. Tsohuwa ce mai tsabta da ƙarancin magana, wadda ta yi rayuwarta tsakanin madafi da ɗinkin hula da makarantar dare. Ba ta taɓa zama mai sha'awar kayan ƙawa ba. Ko jeren ɗakinta, tun da aka aurar da 'ya'ya mata ta raba musu, ta bar wa kanta abin da za ta yi amfani da shi kawai. Amma a ƙofar ɗakinta, ƙarƙashin rumfa, akwai kasko guda, daga cikinsa kuma wata igiyar shuka ta fito, ta bi ƙusoshin da aka kakkafa a bango, ta zagaya rumfar, ta dawo, ta sake zagayawa.

Asalin shukar kuwa shi ne, 'yarta ta fari ce ta kawo ta. A lokacin tana makarantar horon malamai mata, sai ta zo hutu da ɗan reshe mai ganye uku a cikin gwangwanin madara, ta ajiye a ƙofar ɗakin uwarta, ta ce a riƙa zuba masa ruwa. Mai karatu ya san matsayin ɗan fari a gidan Bahaushe. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya yi rashin lafiya ma sai ta bar wata ta ɗauke shi. Inna ta riƙe wannan kunya yadda ta gada. Ba a taɓa jin sunan yarinyar a bakinta ba, sai dai ta ce "waccan", ko "yarinyar nan". Da aka ajiye gwangwanin ma ba ta dube shi ba, ta dai ce wa ƙannen yarinyar su ɗauke tarkacensu daga hanya. Sai bayan an koma makaranta aka lura gwangwanin bai bushe ba, kuma ba a ga mai zuba masa ruwa ba.

Yarinyar ta gama karatu, ta yi koyarwa kaɗan, aka yi mata aure. A haihuwarta ta farko Allah ya yi mata cikawa, ta bar jaririya mace, aka kawo wa Inna riƙo. Waɗanda suka zo gaisuwa sun yaba haƙurin Inna, domin ba a ga hawayenta ba, ita ce ma take ba wasu baki. Bayan an share makoki sai ta aika Kasuwar Kurmi aka sayo mata kasko, ta juye shukar a ciki da hannunta, ta sa aka kafa ƙusa ta farko. Tun daga ranar, duk sa'ad da ta gama alwala sai ta tsiyaye sauran ruwan butar a gindinta. Ta kuma kafa doka guda wadda kowa a gidan ya sani, babba da yaro: ba a tsinkar ganyenta, ba a yanka ta. Babu wanda ya tambayi dalili. Abin da kunya ta hana ta yi wa mai rai, shi take yi wa abin da hannun marigayiya ya taɓa, kuma babu al'adar da ta hana uwa kula da kasko.

Haka aka yi shekara ashirin da 'yan kai. Shukar ta yi tsawo har yara suka daina iya auna ta da taku. To, amma tsawo daban, lafiya daban. Ɗabi'ar wannan shuka ita ce, kowane ganye yana da wa'adinsa, in ya tsufa ya yi rawaya ya faɗi, kuma ganye ba ya sake fitowa a gurbin da wani ya faɗi. Sabon ganye daga can ƙarshen reshe yake fitowa. Saboda haka kowace shekara kan yana ƙara nisa, bayan kuma yana ƙara zama fayau. A ƙarshe abin da ke rataye a rumfar Inna ya koma kamar igiyar shanya: kamu bayan kamu na kara tsirara, sai can a ƙarshe a ga 'yan ganyayyaki ƙanana, ɗigon ɗorawarsu ya ɓace saboda sun shige lokon da haske ba ya kaiwa. Matan gida suna gani, suna raɗa a tsakaninsu, amma ba mai iya tunkarar ta.

Wadda ta tunkare ta ita ce jikar nan da aka kawo a zanen goyo. Ta girma, ta shiga jami'a, ta kuma faɗa sashen nazarin tsirrai. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, wasan nan kuwa ƙofa ce da Bahaushe ya bari a buɗe domin maganar da ba ta faɗuwa ta wata hanya. Inna tana kiran ta kishiya, ita kuma tana ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Wata rana a ƙarshen bazara, yarinyar ta lura ganyayen sun yi laushi alhali ƙasar kaskon jiƙe take. Ta san wannan alama, domin shukar da ke jin ƙishi a cikin ruwa saiwarta ce ta lalace. Ta tona gefen kaskon da yatsa, ta ji ɗoyi, ta ga gindin kara guda daga cikin biyun ya yi baƙi ya yi taushi. Ta ɗaga kaskon, sai ta tarar saiwa ta cika shi ta toshe hudar da ruwa ke fita. A bakinsa kuma ga wani farin ɓawo, wato gishirin ruwan rijiya mai zartsi da ya taru shekara da shekaru.

Ta sami Inna a kan tabarma, ta zauna kusa da ita, ta ce, "Inna, fulawarki ba ta da lafiya."

Inna ta ce, "Ke kishiya, da ma ba kya ƙaunarta. Zafi ne, in ruwa ya sauka za ta warware."

Ta ce, "Ba zafi ba ne, Inna. Gindin ne ya fara ruɓewa. In ba a yanka ta an sake dasawa ba, ba za ta ga ƙarshen damina ba."

Inna ta ajiye hular da take ɗinki, ta ce, "Abin da aka koya muku ke nan a makarantar? A yanka abu domin ya rayu?" Ba ta ƙara cewa kome ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana uku ba ta yi wa yarinyar wasa ba, kuma a gidan an san rashin wasan Inna ya fi faɗanta zafi.

A nan ya kamata a tsaya a dubi hujjar kowannensu, domin ba a ce Inna ba ta da tata ba. A wurinta tsawon nan lissafi ne. Ta san ƙusar da aka kafa shekarar da aka yaye jikar, da wadda aka kafa shekarar da ta yi saukar Alƙur'ani, da wadda aka kafa shekarar da maigidan ya rasu. Karan da ke kusa da gindi kuwa, ko da yake ya tsufa ya yi tauri, shi ne ainihin wanda ya zo a cikin gwangwani. Cewa a yanke shi daidai yake da cewa a share abin da ya rage mata na shaida. Mutumin da ya rasa abu babba yakan riƙe ƙaramin da aka bar masa da hannu biyu, kuma ba hankali ba ne a ce masa ai kara ne kawai.

Hujjar yarinyar kuwa a cikin halittar shukar take. Kowane reshe gaɓa-gaɓa ne, kamar rake. A kowace gaɓa akwai abu uku: gurbin ganye, da ɗan ƙullutu mai ruwan ƙasa wanda saiwa ce take jiran danshi, da kuma ido wanda ke iya zama sabon reshe. Idanun nan barci suke yi muddin kan reshen yana nan, domin kan yana sako wani sinadari mai suna oksin, wanda ke gangarowa ya danne su. Tun a 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka nuna cewa kan tsiro yana aika wani saƙo zuwa ƙasa. A 1926 wani ɗan ƙasar Holan, Frits Went, ya tatso abin da ke ɗauke da saƙon. A 1933 kuma Kenneth Thimann da Folke Skoog, a Amurka, suka tabbatar cewa shi ne ke hana idanun gefe tohowa: in an cire kai sai su farka, in an shafa sinadarin a gurbin kan sai su ci gaba da barci. Wato dai kan reshe kamar maigida ne mai ƙarfin iko, wanda muddin yana zaune ba a jin muryar kowa a gidan.

Manomin ƙasar Hausa bai jira waɗannan masana ba kafin ya san aikin. Shi ya sa yake sare kan zogale domin ya yi rassa ya ba da ganye a inda hannu ke kaiwa, ya kuma yanke lalle ya bar kututture ya sake tohowa. Rogo da rake da dankali kuwa ba da ƙwaya ake shuka su ba, da kara ake yi, a binne gaɓa mai ido. Duk wannan Inna ta sani, domin 'yar manoma ce kafin aure ya kawo ta birni. Abin da ba ta yarda ba shi ne a jera fulawarta a sahu ɗaya da rogo.

Ba wannan bayani ne ya karya lagonta ba. A rana ta huɗu yarinyar ta same ta bayan la'asar, ta ce, "Inna, tun da kike da fulawar nan, kin taɓa ganin furenta ko ƙwayarta?" Inna ta ce ba ta taɓa ba. Ta ce, "To, ita mahaifiyata a ina ta samo?" Inna ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "A makarantarsu ta tsinko." Yarinyar ta ce, "Ashe ke nan ita ma yankowa ta yi. Da mai ita ya hana, da ba ta zo gidan nan ba."

Maganar nan gaskiya ce, kuma ta fi yadda yarinyar ta faɗe ta faɗi. Asalin wannan shuka wani tsibiri ne mai suna Mo'orea, kusa da Tahiti, a tsakiyar tekun Fasifik. A dajin da ta sami dama takan hau itatuwa ta yi nisa, ganyenta ya kai faifai ko ya fi, har ya tsattsage. A cikin kasko kuwa ba ta taɓa balaga, tana nan da ganyen ƙuruciya har iyakar ranta. Ko a daji ma da wuya take fure, har ya zama masana sun daɗe suna sauya mata suna saboda rashin furen da za su gane danginta da shi: an fara rubuta ta a 1880, amma sunan da take amsawa yanzu sai a 1964 ta same shi. A 2016 wani bincike ya nuna cewa tana da naƙasa wajen samar da sinadarin jibaralin, wanda ke sa ta fure. Ma'anar wannan ita ce, wadda ke ofis a Landan da wadda ke otal a Makka da wadda ke rumfa a Zaitawa, kowacce yanki ce da wani ya yanka daga hannun wani. Ba ta da wata hanyar tafiya a duniya sai ta wuƙa da kyauta. Reshen da aka yanka aka dasa kuma ba ɗanta ba ne, ba jikanta ba ne, ita ce da kanta.

Inna ta kwana da maganar. Da safe ta ce a bari sai ruwa ya zauna. A nan ta fi jikarta gaskiya, domin yarinyar so take a yi a ranar, alhali yanka a tsakiyar zafin Kano, lokacin da iska ba ta da danshi ko kaɗan, wahalar da shuka ne. Suka yi sulhu: a daina zuba ruwan alwala, a zura tsinke a buɗe hudar kaskon, a jira. Bayan ruwa na uku, cikin watan Yuni, Inna ta aiki yaro ya sayo sabuwar reza. Ta kuma ce ba wanda zai fara sai ita. Ta yi bisimilla, ta kama karan da bai ruɓe ba, yarinyar ta ƙirga mata gaɓa huɗu daga gindi ta nuna mata ɗan sama da ta huɗun, ta datse. Sa'an nan ta miƙa rezar, ta koma kan tabarma ta juya baya, ta ɗauki carbi.

Sauran aikin yarinyar ce ta yi, ga kuma yadda ta yi, domin amfanin wanda ke da irinta. Ta sauke igiyar daga ƙusoshi a hankali, ta shimfiɗa a tsakar gida. Ta fara da ƙarshe mai ganye, ta yayyanka shi guntu-guntu, kowane guntu da gaɓa biyu ko uku, tana yanka ɗan ƙasa da gaɓa, ta cire ganyen ƙasa ta bar na sama. Ta jera su a kwalabe masu ruwan famfo, gaɓar ƙasa a nutse, ganye a waje, ta ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukan su, tana sake ruwan bayan 'yan kwanaki. Karan tsirara ma ba ta zubar ba. Ta yanka shi gaɓa-gaɓa ta kwantar a kan danshin yashi kamar yadda ake yi wa rake, domin idon da ya yi shekaru yana barci yana iya farkawa, ko da yake ba duka ba. Daga nan ta zare gindin daga kasko, ta yanke duk saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi, ta bar fara mai ƙarfi. Ta kankare gishirin bakin kaskon, ta ɗora katanga a kan hudar yadda ruwa zai wuce ƙasa ba za ta bi shi ba, ta haɗa ƙasa da yashi da tsohon takin awaki wanda ya riga ya huce, ta mayar da gindin.

Akwai abu guda da ta gargaɗi matan gida a kai. Ruwan jikin wannan shuka yana da ƙaiƙayi, in yaro ko akuya ta tauna sai baki ya yi zafi ya kumbura. Dalili kuwa, danginta ɗaya da gwaza, kuma ƙananan allurai na gishirin da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayin maƙogwaro su ne a jikinta. Kainuwar da ke rufe kududdufan birni ma 'yar gidansu ce. Da Inna ta ji haka ta ce ashe baƙuwar tana da dangi a gari, shi ya sa ba ta yi baƙunta ba. Wannan ce maganar wasa ta farko da aka ji daga bakinta tun ranar da aka yi yankan.

Ba duk abin da aka so aka samu ba. Karan da ya fara ruɓewa bai tashi ba, haka ya bushe, kuma babu mai iya cewa ba shi ne ainihin na cikin gwangwani ba. Inna ta cire shi da kanta, ba a san inda ta kai shi ba. Daga cikin gaɓoɓin da aka kwantar a yashi, fiye da rabi sun ruɓe. Amma na cikin kwalabe, kafin mako uku sun fito da fararen saiwoyi, da suka kai tsawon ɗan yatsa aka dasa biyar a gefen tsohon gindi domin kaskon ya cika. Shi kuma tsohon gindin ya yi kusan wata guda kamar mushe, Inna tana wucewa ba ta dubansa, ko kuwa ba a ga tana dubansa ba. Sai wata safiya aka ga idanu biyu sun kumbura sun tsage. Kafin kaka ta shigo, rassa bakwai suna zubowa daga bakin kasko, ganyensu ya fi tafin hannu, ɗigon ɗorawar da manyan gidan suka manta da shi ya dawo.

Kulawar ma ta sake. Yanzu Inna takan tura yatsa cikin ƙasa kafin ta zuba ruwa, in ta ji danshi ta fasa, domin ta gane abin da ya kusa kashe shukar ba sakaci ba ne, yawan kulawa ne. Da damina takan tara mata ruwan indararo. Da hunturu, lokacin da ƙura ke rufe kome, takan goge ganyen ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ta rage ban ruwa, ta matsar da kaskon daga bakin iska. Da bazara kuma ta kare shi daga ranar yamma, wadda ke ƙona ganye. Kowace shekara in ruwa ya zauna ana datse rassan da suka yi gaba, a bar gaɓa. Guntayen kuwa ba a rasa masu so. Sun shiga gidajen maƙwabta, sun bi amare zuwa ɗakunansu a cikin gwangwanaye, har wasu sun fita bayan ganuwa.

Ba daidai ba ne a ɗauki wannan labari a ce duk yanka alheri ne. Mutanen birni sun ga yankan da ba toho a bayansa. Ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, an ci ta da gine-gine da ɗibar ƙasa har wurare da dama ba a gane inda ta bi. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta. Kududdufan da ke shanye ruwan damina an cike da yawa an yi gini. Duk wanda ya yi irin wannan aiki yakan ce gyara yake yi. Tsoron da Inna ta ji sa'ad da aka ambaci reza ba tsoron jahilci ba ne, tsoron wanda ya sha ganin an ce za a gyara abu aka wayi gari babu shi ne. Bambancin mai datsa da mai sara ba a kaifin wuƙa yake ba. Mai datsa ya san inda ido yake, ya ƙirga gaɓa kafin ya sa hannu, ya jira lokaci, ya nemi yardar mai abu, kuma abin da ya yanke bai zubar ba.

Haka kuma ba daidai ba ne a ce riƙo kawai shi ne amana. Da an bi dokar Inna yadda ta kafa ta, da abin da zai rage a rumfar bai wuce busasshiyar igiya da ƙusoshi ba. Bahaushe ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma gaskiya ne, domin Inna ce ta san lokaci, ita ce kuma ta san darajar abin. Amma akwai abin da sai wanda ya durƙusa ya tona gindi yake gani, kuma sau da yawa yaro ne mai gwiwar durƙuson. Ɗalibin da ke nazarin harshe da al'ada yana tsaye ne a inda jikar nan ta tsaya: an ba shi ilmin da zai iya nuna inda ruɓa take, amma abin ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma in bai iya zama a gefen tabarma ya jira kwana huɗu ba, ilmin ba zai kai ga gindin ba.

Da aka tashi auren jikar, an yi jere, an kai gara, an cika ɗaki da kayan zamani. Ranar da za a kai ta, Inna ta kira ta ɗaki ta yi mata nasihar da ake yi, sa'an nan ta jawo wani gwangwanin madara daga bayan gado, da ɗan reshe mai saiwa a ciki, wanda ta yanka da kanta ba tare da kowa ya nuna mata gaɓa ba. Ta ce, "Ungo, kishiya. Na mahaifiyarki ne." Sai ta faɗi sunan. Matan da ke bakin ƙofa sun ce ba su taɓa jin sa a bakinta ba sai ran nan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaya, ya ba na baya hikimar riƙon abin da aka bar musu.